Kifin Faifai da Ruwan Tawadar Baba

Legas, 4 ga Maris

Naja'atu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Baba? Ya Gwaggo Larai da awakinta?

Ga kifayen da kika dame ni a kansu. Shida ne, suna cikin ledoji a kwalin da Mika'ilu direba zai miƙa miki tare da wannan takarda. Rubutowa na yi, don na lura in muka yi waya ba ma cika minti uku ba mu yi faɗa ba.

Ki saurare ni da kyau. Shekara tara ina kafa wa otal-otal akwatin kifi, na san abin da nake faɗa. Irin wannan kifin, diskas, ba tarwaɗa ba ce da za a jefa a baho a manta. Yana son ruwa mai ɗumi, digiri ashirin da tara ko kusa da haka, mai ɗan tsami kaɗan, wanda ba shi da nauyi. Ruwan rijiyarmu kuwa kin san yadda yake barin farin ɓawo a gindin tukunyar shayi. Kowane mako sai an kwashe kashi ɗaya cikin uku na ruwan an zuba sabo. Kada famfon iska ya tsaya.

Sai babbar magana. Wata biyar ke nan da ɓarin jikin Baba ya shanye. Ba ya magana, ba ya yarda a motsa masa hannu, bango kawai yake kallo. Ke kin ce in ya sami abin kallo zai juyo. To, ga abin kallo. Amma idan Babbar Sallah ta zo yana yadda yake, zan zo in ɗauke shi in kawo shi nan, ko yana so ko ba ya so. Na gama magana.

Allah Ya ƙara masa lafiya.

Yayanki,
Yusha'u


Tudun Wada, 19 ga Maris

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, awaki ma suna amsawa. Na ga takardarka, na kuma ji daɗin yadda ka bayyana wa malamar kimiyya mene ne ruwa. Digirina yana nan a bango, na karanta masa, shi ma ya ƙaru.

Baƙinka sun iso da rai. Akwatin gilashin dama mako uku yana aiki da sosan tace ruwan da ka aiko tun farko, na haɗa famfon iskar da ƙaramar solar gidan saboda wuta. Zafi kuwa ba sai an nema ba, Zariya a watan Maris kyauta take bayarwa.

Gwaggo ta tsaya ta daɗe tana kallonsu, sannan ta ce, «Yanzu wannan faifan aka yo wa doguwar tafiya tun daga Ikko? Ko miya ɗaya ba za su yi ba.» Sunan ya bi su. Duk unguwa yanzu kifin faifai ake cewa, har matan maƙwabcinmu Alhaji Nagoda sun shigo gani, ɗaya ta tambaya ko fenti aka yi musu.

A kan ruwa ka yi gaskiya, kuma ka adana wannan jimlar don ba za ka sake jin ta ba. Na tsoma takardar gwaji a ruwan rijiya, ta nuna nauyin da ya wuce misali. Ruwan sama ne maganin abin, amma ina za a same shi yanzu? Sai na koma wa fiya wata. Na gwada iri huɗu, na sami ɗaya mai dama-dama. Duk Asabar ina zaune da almakashi ina farke leda sama da ɗari, har maƙwabta sun ɗauka shago zan buɗe.

Ga abin da ya sa na rubuto. Na ajiye akwatin a ɗakin Baba, ta bayansa, ban ce masa komai ba. Kwana biyu bai kula ba. Rana ta uku na dawo daga makaranta na tarar ya juyo da kansa, ba wanda ya taimaka masa. Akwai wani ja mai zanen shuɗi da ke zuwa bakin gilashi ya tsaya, shi da Baba su yi ta kallon juna kamar tsofaffin abokan da suka yi rigima. Jiya ya ɗaga hannun hagu ya karɓi gwangwanin abincinsu, shi ya barbaɗa musu.

Ka ga ban yi fariya ba. Na dai faɗa.

Gwaggo tana gaishe ka, ta ce ka yi aure.

Ƙanwarka,
Naja


Tudun Wada, 12 ga Afrilu

Yaya,

Sallama. Wannan takardar ba ta da daɗi, gara ka ji daga bakina.

Biyu sun mutu. Laifin farko nawa ne. Na gaji da farke leda, sai na riƙa ƙara ruwan rijiya ina cewa ai kaɗan ne. Mako biyu ana haka suka yi duhu, suka maƙale a lungu, suka daina cin abinci.

Laifi na biyu na ƙauna ne. Ka san Gwaggo, duk akuyar da ta ƙi ci, jiƙa mata kanwa take yi, kuma tun muna yara ba ta taɓa asarar ko ɗaya ba. Ranar Talata ina makaranta ta ga Baba yana miƙa abinci kifaye ba sa zuwa, ta ga yadda fuskarsa ta canza, abin ya dame ta. Sai ta kwance bakin mayafinta ta jefa musu kanwa. Ta rantse ba ta kai girman ƙwayar gyaɗa ba. Na ga ragowar a ƙasan akwatin, gyaɗar Gwaggo ta kai goro.

Kanwa kishiyar duk abin da kifin nan yake so ce. Da na shigo suna sama suna haki. Na kwashe rabin ruwan, na farke duk ledar da ke gidan, Gwaggo na riƙe da bokiti tana kuka tana cewa, «Ni dai na ga dabba ba ta ci. Dabba ai dabba ce, Naja.» Ban iya yi mata faɗa ba. Huɗu sun tsira, har da jan nan abokin Baba, amma ba su da kyan gani.

Baba ya ga lokacin da na tsamo matattun. Ya koma ya fuskanci bango. Yau kwana uku ke nan.

Ban san abin da zan ce maka ba, kuma ka san ba kasafai hakan ke faruwa da ni ba.

Naja


Legas, 18 ga Afrilu

Naja'atu,

Wa alaikumus salam. Na karanta. Ba zan ce na faɗa miki ba.

Ki gaya wa Gwaggo kada ta sa abin a ranta. Ni na yi wauta da na aika kifin da ya fi kowane kifi tsirfa zuwa gidan da ruwansa bai dace ba. Huɗun nan ma ba za su kai wata guda ba, kuma ba na so Baba ya ga mutuwarsu ɗaya bayan ɗaya. Ki fitar da akwatin daga ɗakinsa.

Na gyara masa ɗaki a nan, na yi magana da likitan gashin ƙashi. Ki fara haɗa masa kaya a hankali. Ba don in ci ki da yaƙi nake yi ba. Ubana ne ni ma.

Wassalam,
Yusha'u


Tudun Wada, 30 ga Mayu

Yaya,

Assalamu alaikum. Na san na yi shiru, kuma na san Gwaggo tana ce maka «da sauƙi» a waya. Ni na hana ta ƙarawa. Na fi so in tara maka labarin ya yi nauyi.

Na bi umarninka, abin da ya ba ni mamaki ni kaina. Ranar da takardarka ta zo na shiga ɗakin Baba na fara kwashe ruwan akwatin don a iya ɗaga shi. Ina cikin yi ina mita, ni kaɗai, ina cewa da ana samun ruwan sama a Afrilu da ba haka ba. Sai na ji ƙwas! Baba ne ya buga sandarsa a ƙasa. Ya sake bugawa. Ya nuna ƙofa da ita, ya nuna tsohuwar rigarsa da ke rataye. Na laluba aljihun, mabuɗin ɗakin karatunsa ne, wanda ba a buɗe ba tun ranar da ya faɗi.

Na ce, «Baba, littafi kake so?» Ya yi mini kallon da yake yi mana in mun yi kuskure a hadda. Ya yunƙura zai tashi. Ni da Gwaggo muka tallafe shi, ya ja ƙafa ya taka har tsakar gida. Taku goma sha ɗaya, na ƙirga.

Na buɗe ɗakin karatun. Bayan alluna da buhunan littattafai akwai duro uku masu shuɗi, an ɗaure bakin kowanne da ƙyalle an rufe. Gwaggo ta dafa ƙirji ta ce, «La ila! Ruwan tawadarsa!» Ashe Baba bai taɓa haɗa tawada da ruwan rijiya ba, wai yana kashe mata baƙi. Duk damina yana tarar ruwan indararo ya adana na shekara. Mu da muka girma a gidan ba mu sani ba, don mu biro muka sani.

Na tsoma takardar gwaji. Yaya, na kusa yin guɗa. Na haɗa kashi uku nasa da kashi ɗaya na rijiya, don shi kaɗai ya yi salam da yawa, na bar shi ya ɗauki ɗumin ɗakin, na riƙa sauyawa kaɗan-kaɗan. Cikin kwana biyar launinsu ya dawo. Rana ta shida jan nan ya ci daga hannun Baba.

A ranar ce kuma Gwaggo ta matso kusa da akwatin tana kwance bakin mayafi. Sai muka ji wata murya, a shaƙe, a hankali: «Larai... ba akuya ba ce.» Goronta take nema, baiwar Allah. Ta zauna daɓas a ƙasa tana kuka tana dariya tana cewa, «Wata shida ba ka ce uffan ba, Yaya Aliyu, sai da za ka zage ni!»

Yanzu shi ne shugaban ma'aikatar ruwa. Da damina ta faɗi ya hana ni tarar ruwan farko da na biyu, ya ce sai kwano ya wanku. Ni da digirina ina riƙe da bokiti ina cewa to. Likitan gashin ƙashi yana zuwa daga Hanwa sau biyu a mako, Baba ya yarda da shi bisa sharaɗin a yi a gaban akwati.

Saura labari ɗaya. Jan nan da wata mai ruwan goro sun share jikin tsingaron tulu da na sa musu, sun jera ƙwai a kai. Sun ƙyanƙyashe. 'Ya'yan kamar ƙwayar gero, suna manne a jikin iyayen suna ci, in uwar ta gaji ta kaɗe su su koma kan uban. Kai ka san wannan, na sani. Ina dai tuna maka cewa a wata takarda ka ba su wata guda.

Ga 'yar takarda a ciki. Da hannun hagu ya rubuta, da tawadarsa, ya ɗauki rabin wuni. In ka manta ajami, Mika'ilu ya karanta maka.

Ƙanwarka,
Naja

Yusha'u. Ina gidana. Ka zo ka yi Sallah. Ka zo da abincin kifi. Mahaifinka, Aliyu.


Laraba, da safe

Yaya,

Ina kwana. Na leƙo in ce maka kunu yana kan murhu, na tarar da kai durƙushe a gaban akwati, Baba yana nuna maka 'ya'yan da sanda, kana ƙirgawa yana ce maka ka yi kuskure. Shi ne da gaskiya, talatin da bakwai ne.

Jakar da ka zo da ita don kayansa Gwaggo ta zuba maka kuka da daddawa a ciki, kada ta koma ba komai.

Yau ma ranar sauya ruwa ce, saboda 'ya'yan yanzu sau biyu ake yi a mako. Uku daga duro, ɗaya daga rijiya. In ka rikice ka tambayi Baba.

Ban so in katse ku ba. Na ja muku ƙofa, na tafi makaranta.

Naja