Ƙusoshin da Suka Girmi Mahaifiyata

Daga: Ningwa Lingden, ɗaliba, Unguwa ta Huɗu, Fikkal, Gundumar Ilam. A halin yanzu ana samuna a asibiti, ɗakin mata na sashen ƙashi, gefen gado na tara.

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Kwamitin Tantance Ƙarafan Tiyata, Reshen Gabas, Biratnagar.

Kwanan wata: 25 ga watan Kartik, 2081 a lissafin ƙasarmu

Game da: Riƙe akwatin ƙusoshin ƙashin baya da aka shigo da shi domin aikin mahaifiyata, Dhanmaya Lingden, da kuma shirin lalata shi ranar 5 ga Mangsir, wata mai kamawa

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin wadda ta dace da matsayinka, ina neman izinin gabatar da kukana. Ban taɓa rubuta wa hukuma takarda ba sai yau. Idan ka ga na sa magana inda ba muhallinta ba, rashin sani ne, ba raini ba. Mahaifina yana aikin gadi a Malesiya kuma ba a ba shi hutu ba, ni ce babba a gidan, shi ya sa alƙalamin ya faɗo hannuna.

1. Mahaifiyata, Dhanmaya Lingden, mai shekara arba'in da bakwai, tsinkar ganyen shayi ce sana'arta tun kafin a haife ni. Ranar 20 ga watan Bhadra, wata biyu da suka wuce, santsi ya kwashe ta a gangaren gona, kwando cike a bayanta, maɗaurinsa a goshinta. Ba ta saki kwandon ba, don kada ganyen ya zube. Hoton da aka ɗauka a asibiti ya nuna cewa ɗaya daga cikin ƙasusuwan gadon bayanta ya karye ya zame, yana danne jijiyoyin da ke sauka ƙafafu.

2. Likitan da ke duba ta, Dokta Upendra Chaudhary, ya ce sai an yi mata aiki, a kafa ƙusoshi irin waɗanda ake murɗawa a cikin ƙashin, a ɗaure su da sanduna biyu na ƙarfe, har ƙasusuwan su haɗe su zama ɗaya. Ya ce ƙasusuwanta ƙanana ne kuma sun yi laushi, ƙusoshin da ke kasuwa a nan za su yi ta rawa a ciki kamar a ruɓaɓɓen katako. Waɗanda za su kama su ne ƙanana masu rami a tsakiya, da ake ɗura wa simintin ƙashi. Irinsu ba su taɓa samun rajista a reshenku ba. Ya kuma hana a ɗora ta a mota zuwa wani gari, ya ce gargadar hanya kaɗai ta isa ta ƙarasa abin da faɗuwar ta fara.

3. Wakilin kamfanin da ke shigo da kayan, Tekendra Bhattarai, ya kawo akwatin ƙusoshin ranar 4 ga Asoj, watan da ke bin Bhadra, ya miƙa shi ofishinku tare da duk takardun gwaji, kamar yadda doka ta ce. An karɓa, an sa a sito. Asibiti ta sa ranar aiki 10 ga Asoj. Mun saya wa Ama, wato mahaifiyata, sabon zane na fita daga asibiti.

4. Ranar 6 ga Asoj, akawun taga ta uku ya shigar da bayanan akwatin a kwamfuta. A jikin akwatin an rubuta cewa ƙusoshin za su daina amfani a watan Yuni na 2028, bisa lissafin ƙasar da aka ƙera su, wanda ya yi daidai da shekarar 2085 tamu. Akawun ya buga 2028 kamar yadda ya gani. Kwamfutar ofishinku kuwa lissafinmu kawai ta sani. Nan take ta yanke hukunci cewa kayan sun lalace shekara hamsin da uku da suka wuce, ta sa musu jan layi, ta rufe fayil ɗin.

Ranka ya daɗe, ban ambaci sunan wannan akawu ba, kuma ba zan ambata ba. Dukanmu muna da kalanda biyu a kai, ta bango da ta waya, kuma ni kaina na taɓa rikita su a takardar jarrabawa. Ba korarsa nake nema ba.

5. Abin da ya fi ci mini rai shi ne babu wanda ya musa cewa kuskure ne. Da na je da Tekendra ranar 8 ga Asoj, akawun ya juyo mana da fuskar kwamfutar yana dariya har da riƙe ciki, ya ce: "Ƙanwata, ai ƙusoshin nan sun girmi uwarki! Tun kafin a haife ta suka mutu. Sai dai ki kai su gidan tarihi." Ya kira abokan aikinsa biyu suka zo suka gani, su ma suka dara. Mai kawo musu shayi ma sai da aka nuna masa. Ni ma na yi murmushi, domin na ɗauka in ana dariya to gyara ya zo kusa. Da na ce to a gyara, sai dariyar ta tsaya. Ya ce shi bugawa kawai aka ba shi iko, gogewa ba tasa ba ce.

6. An tura ni hawa na biyu wurin mataimakinka. Ya karɓe ni da mutunci, har ya sa aka ba ni kujera, kuma ina gode masa. Ya bayyana mini cewa duk kayan da kwamfuta ta ce sun lalace, babu mai ikon cire musu jan layi sai kwamiti ya zauna da mutum uku daga cikin biyar. Ya ce an kafa wannan ƙa'ida ne saboda 'yan kasuwa masu canza kwanan wata a jikin kaya. Na karanta ƙa'idar a allon sanarwa, na karanta ta sau da yawa don ina da lokaci, kuma na yarda ƙa'ida ce mai kyau. Ni ma ba zan so a sa wa Ama ruɓaɓɓen ƙarfe a jiki ba. Amma an yi ta ne don kama mai maido da tsohon kaya sabo. A nan sabon kaya ne ofis ya mayar tsoho da hannunsa.

Tekendra ya nemi a sake shigar da akwatin daga farko. Kwamfuta ta ƙi, ta ce lambar tana cikinta. Ya nemi a ba shi akwatin ya mayar, ya kawo wani. Aka ce lalataccen kaya ba ya fita daga sito. Ya aika wa kamfani su turo wani, suka ce sai sun ƙera, kuma ba za su turo ba alhali na farko yana tsare da sunan ya lalace. A kan matakala ya dafa kansa ya ce mini: "Nani, 'yata, shekara goma sha ɗaya ina ɗaukar akwati a bayan babur, ban taɓa ganin ƙarfe ya tsufa a kwana biyu ba."

7. Game da zaman kwamiti, ga yadda abin ya gudana. An sa shi 15 ga Asoj, ba a yi ba, saboda mutum uku sun riga sun tafi garuruwansu bikin Dashain kafin motoci su cika. An ɗaga zuwa 8 ga Kartik, ba a yi ba, saboda waɗanda gidajensu ke kan tudu sun ga babu amfanin saukowa tunda bikin Tihar ya kusa. An ɗaga zuwa 21 ga Kartik. A ranar na tudu sun dawo, amma na nan gari sun tafi bakin kogi bikin Chhath. Mutum biyu suka zauna, suka sha shayi, suka rubuta cewa ba a cika ba. Yanzu an sa 12 ga Mangsir.

Ba na ganin laifin kowa don ya je gida biki. Mu ma muna da gida. Ranar Dashain Ama ta sa mini jar shinkafar albarka a goshi tana kwance rigingine, sai da na sunkuya har kaina ya taɓa ƙarfen gado kafin hannunta ya kai. Matan ɗakin suna ta tsokanarta, wata ta ce: "Dhanmaya, kin zama sarauniya, a kwance kike raba albarka!" Ta ce musu: "Ku bari in miƙe, za ku ga sarauta." Ta ba su dariya, sannan ta juya fuska bango.

8. Ranar 23 ga Kartik na ga sabuwar sanarwa a allonku, cewa duk kayan da suka lalace da ke sito za a fitar da su a farfasa ranar 5 ga Mangsir, bisa al'adar share sito bayan bukukuwa. Na tambayi mai kula da sito ko akwatinmu yana ciki. Ya ce yana ciki, shi ne ma na farko, tunda babu wanda ya kai shi daɗewa da lalacewa. Ranka ya daɗe, ina roƙon ka dubi waɗannan ranaku biyu tare. Za a farfasa akwatin ranar 5. Kwamitin da zai ce akwatin lafiyarsa ƙalau zai zauna ranar 12.

9. Dokta Chaudhary ya rubuto wa ofishinku sau biyu. An amsa masa cewa ana kan dubawa. Ya gaya mini, ba tare da ɓoye-ɓoye ba, cewa jijiyar da aka danne tana da iyakar haƙurinta, in ta mutu ba ta dawowa ko an kafa ƙusa ɗari. Tun farkon Kartik aka sa wa Ama robar fitsari. Na yi jinkirin rubuta wannan a takardar hukuma don na san ba za ta so baƙo ya karanta ba, amma na ga gara ta yi fushi da ni tana tsaye.

Saboda haka, cikin ladabi da ƙanƙan da kai, ina roƙon abubuwa kamar haka:

Na farko, ka ba da umarni a rubuce, yau ko gobe, a cire akwatin daga cikin kayan da za a farfasa.

Na biyu, ka kira zaman gaggawa a cikin wannan mako. An ce mini duk mambobi biyar suna gari yanzu. In haɗa su a ɗaki ɗaya zai yi wuya, sashe na goma sha huɗu na ƙa'idar da ke allonku ya yarda a zagaya da fayil su sa hannu ɗaya bayan ɗaya. Ni zan iya bin masinja in riƙe masa jaka.

Na uku, a aika wani ya buɗe sito ya karanta jikin akwatin da idonsa. Ba na neman a ɗaga wa ƙusoshin ƙafa a wurin gwaji. A duba su da duk tsananin da doka ta ce, in an sami aibi a ƙi su, zan haƙura. Amma a ƙi su don aibinsu.

Na huɗu, a gyara kwamfutar ta riƙa tambayar wane lissafi ake nufi, domin na ji akwai wani akwatin na ƙarfen ƙugu da ya faɗa ramin nan, kuma ban san wa ke kwance yana jiransa ba.

Ranka ya daɗe, na so in tsaya a nan, amma akwai abin da ya faru da safiyar yau da ya kamata ya shiga fayil. Na ɗebo ruwan ɗumi a kwano don in wanke wa Ama ƙafa. Na zuba a ƙafarta ta hagu, na sa sabulu, na cuɗa tsakanin yatsun, na ɗauraye. Tana kallon rufi tana ba ni labarin wata akuyarmu. Ina cikin goge ƙafar da tawul sai ta ce: "Ningwa, wai me kike jira ne? Ki fara mana kafin ruwan ya huce."

Na ce mata to. Na sake ɗebo wani ruwan na wanke ta dama, wannan ta ji.

Ina fata wannan takarda za ta iso hannunka kai tsaye, kuma za ka dube ta tun ƙafar daman tana ji. Na haɗa da kwafin wasiƙun likita biyu, da hoton jikin akwatin, da hoton sanarwar sito.

Ka huta lafiya, tare da dukan girmamawa.

Mai biyayya gare ka,

Ningwa Lingden
A madadin mahaifiyarta, Dhanmaya Lingden, gado na tara