Hoton da Ya Kai Tahoua

Lahadi, 1 ga Oktoba, 2023
Vénissieux, Lyon

Sati uku ke nan da zuwana, sai yau na samu zama in rubuta. Fasto Olivier ya tsayar da ni gaban ikilisiya ya ce ga Briskila daga Najeriya, 'yar mishan da aka aiko mana. Mutanen ba su kai arba'in ba, rabinsu tsofaffi. Na yi musu waƙa da Hausa, wata tsohuwa har da share hawaye. Ni kuwa ina tsaye ina tunanin Kaka, Bamaguje a ƙauyen Malumfashi, wanda Bature ya bi har gona ya yi masa wa'azi. Yau ga jikarsa ta dawo wa Turawa da abinsu. Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba. Ubangiji ya gafarta, amma na ji daɗi.

Ɗakina a hawa na sha ɗaya yake. Lif ɗin ya yi aiki kwana biyu, ya huta ɗaya.

Alhamis, 12 ga Oktoba

Kasuwar Minguettes, rabon takardun bishara. Mutanen nan sun iya wuce mutum kamar turken lantarki. Mutum huɗu suka karɓa, ɗaya ma naɗe ɗan itacen dabino ya yi da tasa. Faransancin da nake taƙama da shi tun kwaleji, a nan sai na faɗa sau biyu.

Ina shirin tafiya na ji wata a bayana wajen mai albasa tana cewa a waya, “A'a Inna, ina cin abinci, wallahi ina ci.” Hausa! Na jira ta gama na yi mata sallama. Sunanta Halimatou, 'yar Tahoua, tana digiri na biyu a jami'ar da ke Bron. Ta dubi takardun hannuna, ta dubi gicciyen wuyana, ta ce, “Bahausa ce ke, kuma Kirista? Mi ya kawo ki nan?” Na ce aikin Ubangiji. Ta ce to Allah shi taimaka, amma kukar miya fa, ina da ita? Na ce Mama ta cika min rabin akwati.

Asabar, 14 ga Oktoba

Ta zo. Tuwon semo da miyar kuka, ta ci malmala uku tana kushe daddawar Katsina. Da la'asar ta tambaye ni gabas, na shimfiɗa mata zanena ta yi salla. Ina kicin ina addu'a a raina, Ubangiji ga ƙofa ka buɗe.

Asabar, 28 ga Oktoba

Ashe Halimatou ba ta taɓa karanta littafin Hausa ba. Faransanci kamar ruwa, Larabci tun tana allo, amma yaren uwarta sai ta riƙa harhaɗawa kamar 'yar aji biyu. Na yi mata dariya son raina. Ta ce in koya mata, tana son ta rubuta wa Inna wasiƙa wata rana, ƙanenta ya karanta mata. Littafin Hausa ɗaya gare ni a ƙasar nan, Littafi Mai Tsarki. Na faɗa mata haka. Ta ce a buɗe mata labarin Annabi Yusuf, wannan ta san shi.

Kafin mu fara ta ɗaga min yatsa. “Briskila, karatun nika so. Kar ki sa rai ga wani abu.” Na ce na ji. A raina na ce haka kowa yake farawa.

Asabar, 11 ga Nuwamba

Karatu na tafiya. Rabin lokacin musu muke yi, ta ce a wajensu ba haka labarin yake ba, in ce a wajenmu haka yake. Ba ta jin kunyar musu, ni ma Baba bai haife ni da shiru ba.

Asabar, 25 ga Nuwamba

Sanyi ya fara gaske. Tana zaune bakin taga da mayafinta ruwan toka, littafin buɗe a cinyarta, yatsa a kan layi. Na ɗauke ta hoto ba ta ko ɗago ba. Hoton ya yi kyau ƙwarai.

Alhamis, 30 ga Nuwamba

Ranar wasiƙar addu'a, wadda nake aika wa masu tallafa mini a gida ƙarshen kowane wata. Ta Oktoba kunya ta ba ni, ba komai ciki sai sanyi da kasuwa. Ta yau kuwa na sa hoton, na rubuta a ƙasa: “Ku yi addu'a domin H., 'yar Musulmi da take karanta Maganar Allah kowace Asabar. Ubangiji yana aiki a zuciyarta.” Ban sa sunanta ba, harafi ɗaya kawai. Kuma ina ƙaryar? Tana karantawa, kowace Asabar ce, zuciya kuwa wa ya san abin da ke cikinta.

Lahadi, 3 ga Disamba

Wayata ta kusa fashewa. Mama ta saka wasiƙar a gurup ɗin zumuntar mata, amin sai zubowa yake. Sun ce an karanta ta a sujada yau, an yi guɗa. Baba ya turo murya, shi da ba ya yabon kowa, ya ce 'yata kin fitar da mu kunya. Na saurara sau shida.

Talata, 19 ga Disamba

An kira daga ofishin mishan na Paris. Taron ma'aikata ranar 13 ga Janairu, an ba ni minti goma in ba da shaida, za a haska hoton a bango. Akwai waɗanda suka shekara goma a ƙasar nan ba a taɓa ba su minti ɗaya ba. Ni wata uku. Zan sa atamfar zumunta.

Litinin, 25 ga Disamba

Kirsimeti ba shinkafa da miya a tire, ba yawon gida-gida. Halimatou ta turo barka da shan biki. Ta fi wasu 'yan cocin nan kirki.

Alhamis, 4 ga Janairu, 2024

Ta zo da rana, ba Asabar ba. Ba ta zauna ba, ba ta cire rigar sanyi ba. Ta miƙo min wayarta, ga hotona, ga rubutuna, an ƙara a sama da manyan baƙaƙe wai 'yar Nijar ta karɓi Yesu a Faransa. Daga gurup ɗin Mama ya je Maraɗi, daga Maraɗi wata ma'aikaciyar asibiti ta sa a status, wata maƙwabciyarsu a Tahoua ta gane fuska da mayafin, ta kai wa Inna har ɗaki.

Inna kwana uku ba ta ɗaukar wayarta. Kawunta, Alhaji Abdourahamane, ɗan kasuwa a Stains, bakin Paris, wanda shi ya tsaya mata aka bar ta ta zo karatu, ya ce ta tattara ta same shi gobe, ƙarshen wata kuma gida. Jarrabawarta 22 ga wata. Karatun shekara ɗaya da rabi zai tashi a banza.

Na fara cewa ai ban sa suna ba. Ta ce, “Kin sa huskata.” Sai kuma, tana sauka a matakala, “Na gaya miki tun ranar hwarko. Kin ji ni, ko ba ki ji ba?”

Na ji.

Juma'a, 5 ga Janairu

Ba ni na rubuta ta karɓi Yesu ba. Wani ne ya ƙara. Wannan fa gaskiya ce.

Lahadi, 7 ga Janairu

Na gaya wa Fasto Olivier. Ya cire tabarau ya tambaye ni ko na nemi izininta kafin in aika. Na ce a wajenmu ba a neman izinin yi wa mutum addu'a. Ya ce ba addu'ar yake tambaya ba. Haushi ya kama ni, na dawo gida da ƙafa don kada in zauna kusa da shi a taram, jirgin cikin gari.

Na durƙusa in yi addu'a, na kasa wuce layin farko. Na buɗe littafin, ga tikitin taram ɗinta a inda muka tsaya, daidai wajen da 'yan'uwan Yusufu suka kai wa ubansu rigar. Su ma ba su ce ya mutu ba, rigar kawai suka nuna suka bar tsoho ya ƙarasa da kansa. Na rufe.

Laraba, 10 ga Janairu

Halimatou ta turo adireshin kawun, ba gaisuwa. Ni na roƙa, sau huɗu.

Asabar, 13 ga Janairu
Paris

Jirgin ƙasa na safe, na sauka na wuce Stains kai tsaye da atamfar zumunta a jikina, tunda taro ƙarfe uku ne. Matar Alhaji, Hajiya Husainatu, ta buɗe min. Falo cike da katan-katan na shadda da turare. Na cire takalmi na durƙusa har ƙasa kamar yadda zan gaida Baba. Alhaji dattijo ne siriri, ya amsa gaisuwar gaba ɗayanta, hanya, sanyi, mutanen gida, bai rage komai ba. Da ya yi faɗa da ya fi min sauƙi. Halimatou na bakin ƙofar kicin.

Jawabin da na shirya a jirgi yana da “amma” uku. Da na buɗe baki duk suka gudu. Na ce Baba, Halimatou ba ta bar addininta ba, a ɗakina ma take salla. Karatun Hausa nake koya mata, ta kuma gargaɗe ni tun farko. Na ɗauki hoton ba ta sani ba, na rubuta yadda za a zaci abin da babu, don a yabe ni a gida.

Wannan ta ƙarshen ban san zan faɗe ta ba.

Ya daɗe yana juya kofin shayi. Ya ce, “Ɗiyata, kiran mutane aikinki ne, ban ce ki bari ba. Mu ma muna kira. Amma ba a cewa an amsa alhali ba a amsa ba.” Na ce haka ne. Ya ce kuma ba shi na gaya wa labarin ba tun farko, waɗanda na gaya wa su ya kamata su ji gyaransa, ta hanyar da hoton ya bi.

A nan falon na danna waya na yi murya, da sunana da sunan Baba da na cocinmu, na maimaita duk abin da na faɗa, na roƙi duk wanda ya tura hoton ya tura wannan ma ya goge wancan. Na aika gurup ɗin zumuntar mata. Alhaji ya tura wa Inna da wayarsa. Hajiya ta ajiye min dambun zogale ta ce sai na ci. Na ci ina kuka, abin kunya, da atamfa da komai.

A taro na ce a cire hoton. Na yi minti huɗu a kan kasuwa da sanyi da abin da na yi da safe. Tafin bai kai a kira shi tafi ba. Wata tsohuwar 'yar mishan da ta shekara talatin a Marseille ta matse min hannu a bakin ƙofa.

Talata, 16 ga Janairu

Gurup shiru kamar an yi rasuwa. Amin uku. Wata ta rubuta wai Turai ta sanyaya min gwiwa. Mama ta ce ba ta je zumunta ba ranar Litinin, kanta na ciwo. Baba ya turo murya ta daƙiƙa biyar: “Na ji. Ki riƙa cin abinci.” Ban san ko fushi ba ne.

Inna ta ɗauki waya. Alhaji ya ce Halimatou ta koma Lyon ta yi jarrabawa. Hajiya ce ta kira ta gaya min, ba ita ba.

Asabar, 3 ga Fabrairu

Na tuƙa tuwo na mutum biyu, don hannuna ya saba ne kawai. Zan ci saura da safe.

Alhamis, 29 ga Fabrairu

Wasiƙar wata: ajin Turanci na mata bakwai, rabon abinci ranar Laraba, tsohuwar da take so in riƙa yi mata waƙar Hausa a gidan tsofaffi. Ba hoto. Har yanzu ni ce ta farko daga gundumarmu da ta zo Turai aikin bishara, wannan ba mai ƙwace min.

Laraba, 10 ga Afrilu

Sallarsu yau. Na dawo daga rabon abinci, lif na hutu, na hau sha ɗaya da ƙafa, na tarar da kula a bakin ƙofa. Shinkafa da naman rago, har da cincin. A kan murfin an manna takarda, rubutun hannu, da Hausa, layin duk ya karkace:

“Briskila barka da salla. Na rubuta ma Inna wasiƙa shafi biyu. Ba mu ƙare Yusuf ba. Ki nemo wani littahi kuma, kada ya zama guda ɗai. Halimatou.”

Ba kuskure ko ɗaya a ƙugiyar baƙaƙen. Ɗalibata ce, dole.

Ina yi mata addu'a har yanzu, zan kuma gaya mata da bakina ran Asabar, ta yi musun da ta saba. Sai dai na lura kwanan nan da cikakken sunanta nake yi, kuma rabin addu'ar a kan kundin digirinta ne da ciwon ƙafar Inna. Ban san yaushe hakan ya fara ba.

Na ciro waya in ɗauki takardar, Mama za ta so ta gani. Na tsaya da ita a hannu, sai na mayar aljihu. Cajin ma ya kusa ƙarewa.

Takardar na cikin littafin, tare da tikitin taram.