Kifin Mista Halvorsen

Winnipeg, Kanada, 9 ga Fabrairu

Yayana Kuya Efren,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar mahaifiyarmu Nanay? Yaya matarka Inday da yara? Ni lafiya lau nake, tarin ma ya yi sauƙi.

Har yanzu ina bin gidajen masu hali ina kula da akwatunan gilashin da suke kiwon kifin teku a ciki. Makon jiya ɗaya daga cikinsu, Mista Halvorsen, ya sayo labayan, kifin nan da muka shekara ashirin muna kamawa a gida, a tsibirin Bohol. Ina sakinsa ya shige cikin yashi. Na ce, "Yallaɓai, baƙunta ce. A ƙyale shi zai fito, amma a rufe saman, gwanin tsalle ne."

Ya ce, "Na karanta komai a waya, Nilo. Kai dai goge gilashi."

Da ya kwana uku bai ga kifi ba, sai ya ɗage murfin ya tona yashin da hannu, ya bar akwatin a buɗe. Ranar Alhamis na tsinci kifin bayan kujera, ya bushe. Mutumin ya kira maigidana na wurin aiki ya ce sakacina ne. Aka ce in ba da haƙuri ko in nemi wani aikin, kuma ka san takarduna na zama a ƙasar nan a hannun wa suke. Na ba da haƙurin, Kuya. Har murmushi na yi.

Kada Nanay ta ji wannan. Ka ce mata ana ganin girmana, ka kuma turo mini hotonta. Mista Halvorsen ya riga ya yi odar wani kifin, ni zan saka masa ranar Litinin.

Allah ya tsare ka a ruwa.

Ƙaninka,
Nilo