Na Kwance Ƙullin Ummi

Zuwa ga yayata, marigayiya Adda Fadimatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ƙaninki Buba ne. Kin san karatuna bai yi nisa ba, ki yi haƙuri da rubutun. Kin ji, na sake cewa haƙuri. Kalmar nan ta ishe ni, bakina ne ya saba.

Adda, gwamnati ta naɗa wata mai ba da shawara kan dukan mata da cin zarafinsu. Ni na yi ta jigilar 'yan taya murna a kekena mai ƙafa uku daga kasuwar Jimeta zuwa wurin walima. Anko, rumfuna, makaɗa, hotonta ko'ina a bakin titi. Ba na jin haushin matar, ban san ta ba, wataƙila mutuniyar kirki ce. Amma kin san wa na hango a kujerun gaba, cikin babbar riga, yana tafi har hularsa na karkacewa? Mijinki. Yanzu ɗan siyasa ne, ba a taro babu shi.

Na kashe keken na zauna.

Kin tuna ranar da muka gudo daga ƙauye, harbi na bayanmu? Kina jan 'yarki Ummi da hannu ɗaya, ɗayan kina tura ni gaba. Kin tsira daga masu bindiga. A ɗakin aurenki aka gama da ke.

A sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi bangonki tampol ne. Ko tari kika yi maƙwabta na ji, balle marin da ke kayar da kwanuka. Kowa ya ji. Gari na wayewa su ce kin tashi lafiya, ki ce lafiya lau.

In abin ya yi yawa, sai ki ƙulle kayanki a zani ki tafi Damare wurin Bappa Hammadu, ƙanin babanmu. Kin fi ni sanin dokar gidansa: mai yaji ba ta kwance ƙulli. Ki sha ruwa, ki yi sallah, kafin la'asar a mayar da ke, don kada unguwa ta ce 'yar gidan ta kaso aure. "Munyal, Fadimatu," haka yake cewa da Fulatanci, wato haƙuri. "In ƙulli ya kwance, aure ya kwance."

Zuwanki na ƙarshe kina dafe da haƙarƙari. Kin kasa ɗaga ƙullin. Bappa da kansa ya ɗora miki a ka.

Aka ce zazzaɓi ne ya ɗauke ki. Matan da suka yi miki wanka sun fito ba mai kallon idon wata.

To, ga abin da ya sa na rubuto. Ummi ta girma, ta yi aure nan Jimeta. Shekaranjiya ta shigo gidana da ƙulli a ka, ɗaurinsa irin naki sak. Kunnenta na hagu ba ya ji saboda marin mijinta, sai na zagaya dama in yi mata magana. Na kai ta asibiti, daga nan muka nemi ofishin mai ba da shawarar. Mai gadi ya ce ba a gama gyara mata wuri ba, mu dawo in an sa kujeru. Ashe sai an sa kujeru! Shi mai dukan wace kujera ya jira?

Kuma wa za ta ba shawarar? Manya a bene? Wanda ya fi buƙatarta yana Damare a kan tabarma da carbinsa. Bappa ya aiko mini cewa kada yarinya ta taɓa ƙullinta, ranar Juma'a bayan masallaci zai zo da dangin mijin, da goron biko.

Kin san ni. Fasinja ya zage ni in ce Allah Ya ba da haƙuri. Ban taɓa ɗaga wa Bappa murya ba, ran Juma'a ma ba zan ɗaga ba. Zan shimfiɗa masa tabarma, in durƙusa in gaishe shi. Amma goron zai koma yadda ya zo. In ya cire ni daga dangi, ya cire. In mai ba da shawara ta sami kujerarta kafin nan, ƙofata a buɗe take, ta zo ta ga aikinta da idonta.

Addata, jiya na ce wa Ummi ta kwance kayanta. Ta tsaya tana kallona, yatsunta suka ƙi. Ɗaurin ya yi tauri, sai da na sa haƙori. Matata ta jera mata su cikin akwatinta, zanin kuma an wanke, ga shi can a igiya yana shan iska. Yau da safe Ummi ta ci ƙosai har ta nemi ƙari. Dariyarta taki ce.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sauke miki duk abin da aka ɗora miki a ka. Ya ba ni ƙafar tsayuwa ran Juma'a. Amin.

Ƙaninki da kika tura gaba,
Buba