Isufu Ya Biya, Maiwake Ya Kwanta

Zuwa ga mai girma Direktan kamfanin asuransi na matafiya, a biro ɗinsa da ke Damagaram.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina gaishe ka da aiki, ina gaida iyalinka da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Allah ya ƙara girma, ya ba da ikon riƙo.

Ni ne Isufu ɗan Mamman, manomi mai ɗan taɓa fataucin wake, daga wani ƙauye gabas da Dungas. Na faɗi sunan tun da farko, kuma ina roƙo ka riƙe shi da kyau, don duk rigimar a kansa take. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko. Bokon nan a ajin yaƙi da jahilci na koye shi da furfurata, in ka ga harafi ya karkace ka yi haƙuri. Na sa wasiƙar a fili cikin jarida ne domin wata huɗu ke nan ina zarya tsakanin Magarya da Kano, kuma duk biro ɗin da na shiga sai in fito na fi yadda na shiga ruɗewa. Wataƙila cikin masu karatu a sami wanda zai gane abin da ya fi ƙarfin kaina.

Na ɗaya. Bara, bayan an ɗaure gero, wakilinku ya kafa tebur a tashar Magarya. Ya ce duk wanda ya biya dala ɗari uku na kuɗinmu sefa a shekara, in ciwo ya kama shi a ƙasar waje ya biya asibiti, to ya kawo takardar biya mai hatimi, kamfani zai mayar masa da kuɗinsa. Wasu suka yi dariya, wasu suka ce wannan shiga hurumin Allah ne. Ni ban yi dariya ba, don na taɓa ganin abokin fatauci ya kwanta a Kano, aka sayar da kayansa a wulaƙance. Na biya. Wakilin ya karɓi kartidante ɗina, wato katin shaida, ya kwafi suna, ya ba ni takarda shuɗiya. Na naɗe su biyun na sa a ƴar jakar fata, na rataya a wuya tare da layuna, don nan ne ɓarawon tasha ba ya kai hannu.

Na biyu. Wata biyu bayan haka na ɗora wake buhu biyar zuwa Kano. Mai ɗakina ta biyo ni don ta yi gaisuwar rasuwar innarta. Muna wuce Gumel, da hantsi, cikina ya murɗa. Na ce ko furar Maigatari ce. Kafin mu shiga Kano ban san inda kaina yake ba. Direba, Allah ya saka masa, ya sauke mu a ƙofar wani asibitin kuɗi, ya wuce da sauran mutanensa. Aka bar mace ita kaɗai da mutum a sume, a garin da sau biyu ta taɓa taka shi.

Ranka ya daɗe, kai ma ɗan ƙasar nan ne, ba daga Faransa aka kawo ka ba. Ka tambayi mahaifiyarka ko ta taɓa kama sunan mahaifinka. Shekara ashirin da bakwai muna tare da matar nan, ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Akwai takwarana a maƙwabta, shi ma ba ta kiransa sai “mai sunan Malam”. Ni ma ka lura ban rubuta nata ba a nan, alhali yana cikin littafin lanho, wato haraji, na maigari.

Ga yadda ta ba ni labari. Akawun asibiti ya ɗauki alƙalami ya ce, “Sunansa?” Ta ce, “Malam ne.” Ya ce, “Malam wa? Baiwar Allah, ki yi sauri, ga layi.” Ta ce ta buɗe baki za ta faɗa, sunan ya ƙi fita. Sai ta ce, “Mai wake ne, daga Dungas.” Akawu bai ƙara tambaya ba, ya rubuta Malam Maiwake Dungas. Jakar wuyana kuwa, da ma'aikata suka cire suka miƙa mata, sai ta ƙulle a bakin zane. Ta ɗauka duk layu ne, laya kuma ba a buɗe ta.

Likita ya ce hanji ne ya naɗe. Ya tsaga ni, ya gyara, ya ɗinke, ɗinki goma sha uku. Kwana goma sha tara na yi a kwance. Ma'aikata suna ce mini Maiwake ina amsawa, don ba ƙarya suka yi ba, wake nake sayarwa. Da aka ba ni takardar biya na ga sunan, har murmushi na yi. Ban san abin da nake wa murmushi ba ke nan.

Kuɗin asibiti naira ɗari da ashirin, sabon kuɗinsu, wanda ya kama jika talatin da shida, wato sefa dubu talatin da shida, a wajen ƴan canjin Maigatari. Waken an karya shi da gaggawa, kuɗinsa ya tafi a magani da abinci. Ƙanena Iliya ya jinginar da gonarmu ta gado ga wani maƙwabci, ya kawo kuɗin da kansa. Sharaɗin shi ne, in ruwan shuka ya sauka ba a mayar ba, mai kuɗi zai shuka ta, ta zauna a hannunsa. Gonar nan ita ke ciyar da mutum goma sha ɗaya, kuma ko a shekarun farin da muka fito ba mu rabu da ita ba. Iliya ya tsaya a kaina idonsa ja wur, ya ce, “Yaya, na taɓa abin da Baba ya ce kada a taɓa.” Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ai ina da asuransi. Har da taƙama na faɗa.

Na uku. Da na iya tafiya na je biro ɗinku na Magarya, na ajiye takarda shuɗiya da ta asibiti a kan tebur. Wakilin ya dubi wannan, ya dubi waccan, ya ce wanda ya biya asuransi Isufu ne, wanda ya yi ciwo Maiwake ne, kamfani kuma bai san Maiwake ba. Na ce ai ni ne. Ya ce wane daga ciki? Na ce duka. Ya ce mutum ɗaya ba ya zama duka. Sai na ɗage rigata a tsakiyar biro, ni da ko a gaban ƴaƴana ba na tuɓewa, na nuna masa ɗinkin. Ya kau da kai ya ce, “Baba, sauke rigarka. Mu takarda muke biya, ba tabo ba.” Ya ce in koma Kano a gyara suna.

Na huɗu. Na ranci kuɗin mota na koma Kano. Akawun ya gane ni, har ya ce, “A'a, Maiwake, ya ƙarfin jiki?” Na ce jiki alhamdu lillahi, sunan ne ba lafiya. Ya ce littafin asibiti ba a kankare shi, sai in masu inshorar, haka suke ce wa asuransi a can, sun rubuto wasiƙa suna neman gyara. Na dawo Magarya da wannan. Wakilinku ya ce kamfani ba zai rubuta wasiƙa a kan Maiwake ba, tunda Maiwake ba mutuminsa ba ne. To ranka ya daɗe, Kano na jiran Magarya, Magarya na jiran Kano, ni kuma ina tsakiya ina biyan kuɗin mota. Sau uku na yi wannan hanya.

A zuwa na uku ne wakilin ya ba ni shawarar da har yau in na tuna sai in dafa kai. Ya ce don gudun irin haka nan gaba, in sayi takarda ta biyu da sunan Maiwake, dala ɗari uku. Na tambaye shi, in na saya, wa zai hau mota, wa zai zauna gida? Kuma yaya kamfanin da bai san Maiwake ba a wajen biya zai san shi a wajen karɓa? Sai ya ce lokacin tashi ya yi.

Na biyar, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Na kawo takardar maigari mai cewa Isufu da Maiwake mutum ɗaya ne, shekara da shekaru lanhon kai ɗaya yake karɓa a wajensa. Aka ce maigari ba ya Kano ranar da abin ya faru. Na kawo Iliya, aka ce bayan an rubuta suna ya iso. Direban kuwa ban san ko daga wace tasha yake ba. Aka ce shaida ɗaya ta rage wadda doka za ta karɓa: wadda ta ba da sunan a asibiti ta zo biro, ta tsaya gaban ma'aikata, ta rantse, ta faɗi cikakken sunan mijinta da bakinta a rubuta. Na ce in ni na faɗa ta ɗaga kai fa? Aka ce ɗaga kai ba ya shiga takarda.

Wato abin da ya hana ta magana a Kano, shi ake so ta zo ta yi a Magarya, gaban samari sa'o'in ƴaƴanta. Na yi sati ban gaya mata ba, amma magana ba ta ɓuya a ƙauye. Tun da ta ji ta rage cin abinci. Ta ce ita ta salwantar da gonar, da bakinta. Na ce mata ba ta yi komai ba sai abin da uwarta ta koya mata, kuma da ba don ita ba da yanzu ana maganar gadona ne. Ba ta ji ba. Shekaranjiya da safe ta kawo mini kunu, ta durƙusa, ta ce, “Malam, ka kai ni. Zan faɗa.” Jiya kuma na zagaya bayan rumbu zan ɗauko galma, na hango ta tsaye ita kaɗai, ta fuskanci rumbun, leɓɓanta suna motsi. Gwaji take yi. Na juya a hankali na koma, don kada in ji.

Wallahi ban san abin da zan ji ba. Wani lokaci in ji daɗi gona za ta dawo, wani lokaci kunya ta rufe ni, in ga kamar wani abu nake shirin sayarwa wanda ya fi gonar daɗewa a gidan. Ba na cewa wakilinku mugu ne, ina jin abin da aka rubuta masa yake bi. Akawun Kano ma bai cuce ni ba, matata kuma ba ta yi laifi ba. To in kowa ya yi daidai, yaya aka yi gonar ubana take hannun wani? Wannan ne lissafin da ya ƙi fita a kaina. In Maiwake ba ni ba ne, wa aka tsaga? In kuma shi ne ya ci bashin asibiti, don me gonar Isufu aka jinginar?

Ga roƙona, ranka ya daɗe.

Ka sa likitan da ka yarda da shi ya duba cikina, ya ƙirga ɗinkin, ya gwada da abin da ke cikin takardar Kano. In bai sami goma sha uku ba, ka riƙe kuɗin, ni kuma in nemi gafararka a fili kamar yadda na kawo ƙara a fili.

Ka kuma gaya wa wakilanka, in suna sayar da takardar nan a tasha, su riƙa faɗa wa mutane cewa mai ciwo ba shi ke ba da sunansa ba, na kusa da shi ke bayarwa. Mu nan na kusa da mu mata ne, matanmu kuma ba su kama suna. Da an faɗa mini haka, da na nuna mata jakar tun a gida na ce wannan ba laya ba ce. Ƴan uwana matafiya da ke karanta wannan, ku kam kun ji.

In kuwa duk wannan bai isa ba, lallai sai ta faɗa, to zan kawo ta ranar da ka sa. Amma ina roƙo don girman Allah a fitar da mutane daga biro, a bar mutum ɗaya mai shekaru ya rubuta, a bar ta ta juya ta fuskanci bango, kada kuma a ce ta maimaita. Ni ma zan fita. Zan je gindin itacen bedin da ke bakin ƙofa in toshe kunnena har ta gama. Ta riƙe mini wannan shekara ashirin da bakwai, ba zan tsaya ina kallo ta ajiye shi a kan teburinku ba.

A yi da wuri dai. Shamuwa ta sauka a kan tsamiyar garinmu, hadari ya fara haɗuwa a gabas, maƙwabcin kuma na ga ya fito da irinsa yana shanyawa.

Allah ya kiyaye ka da ciwo a ƙasar da ba a san ka ba. In kuma ya ƙaddara maka, Allah ya sa a kusa da kai akwai wadda za ta tsaya a kanka kamar yadda aka tsaya a kaina. Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya sa ka gama lafiya.

Wassalam.

Ni ne Isufu ɗan Mamman, wanda ya biya, kuma Malam Maiwake Dungas, wanda aka tsaga.