Ruwa Ya Yanke Hanyar Kalgo

Litinin, 26 ga Agusta

Ruwa ya cinye hanyar Kalgo. Babur ba ya shiga, ba ya fita. Ƙwayar ƙarin jini ta ƙare mini a asibitin, ni kaɗai ce ma'aikaciya a ƙauyen nan na bayan Wurogauri. Wata tara ke nan da aka turo ni. Ji nake kamar shekara tara.

Alhamis, 29 ga Agusta

Azumi ta zo awo, cikinta wata takwas, haihuwa ta shida. Na ja fatar idonta, fari fat. Na tambayi abin da take ci. Ta ce, "Abin da yara suka rage." Kajinta huɗu, amma ba ta taɓa ƙwai, wai Inna Albarka, ungozomar garin, ta ce mai ciki in ta ci ƙwai ɗan zai yi ɗauke-ɗauke.

Na yi wa Azumi faɗa. Bai kamata ba. Murmushi kawai ta yi.

Talata, 3 ga Satumba

Na je gidan Inna Albarka, da niyyar rigima. Ko tabarma ba ta ba ni ba. "Ke ɗiya, mi kika sani? Kin taɓa haihuwa?" Na ce a'a, amma jinin Azumi bai kai ta haihu lafiya ba, kuma ba hanyar da za a fita da ita. Sai ta ba ni labari. Ashe ƙanwarta wurin haihuwa ta rasu, jini ne ya ɓalle mata.

Ƙwai dai ta ƙi. Amma ta yarda da zogale, da wake, da ƙananan kifin da ambaliya ta kawo. Ta ce ita za ta riƙa dafawa, don in ni na kai, mijin Azumi ba zai karɓa ba.

Asabar, 14 ga Satumba

Har yanzu ruwa. Na yi kuka a bayan ɗakin magani, ban san dalili ba.

Laraba, 25 ga Satumba

Azumi ta haihu da hantsi, mace. Jini ya zo da yawa. Na ba ta ƙwayar tsayar da jini, sauran guda uku da na ɓoye. Inna na murza mata mara yadda na nuna, tana cewa, "Halima, faɗa mini, ina ji." Yau ta fara kiran sunana.

Jinin ya tsaya. Alhamdulillahi, ya tsaya.

Lahadi, 29 ga Satumba

Hanya ta buɗe. Yaya Faruk ya kira daga Gwandu, zai zo ya ɗauke ni in huta. Na ce ya bari sai bayan suna. Ya ce to, bayan suna. Na ce akwai Sumayya, ita ma watanta na haihuwa ya kama.

Ya yi dariya ya ce, "Bayan Sumayya fa?"

Na ce masa waya ba ta ji sosai.