Ɓangaren Malam

Abakwa, Kaduna
8 ga Maris, 1999

Zuwa ga Yaya Balaraba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ciwon gwiwar? Allah Ya ƙara sauƙi.

Tun da na fita takaba na koma buga wa ɗalibai takardu a kwamfutar da maigidana, marigayi Malam, ya bari. Tun yana raye ya raba ma'ajiyarta biyu: ɓangarena mai manhajar Windos, nasa mai wata manhajar da ake kira Linuks, inda yake lissafinsa na injiniya. Idan na kunna ta, takan tambayi inda za a shiga. In ban taɓa komai ba, sai ta wuce ɓangarensa, ta tsaya tana neman sunansa da kalmar sirrinsa. Ban san kalmar ba, ban kuwa taɓa tambayarsa ba. Kullum da safe nakan ƙyale ta da gangan, in zauna ina kallo. Ban sani ba ko wannan raunin tawakkali ne.

Yanzu ɓangarena ya cika, har aiki ya ƙi adanuwa. Malam Tijjani, abokin aikinsa, ya ce zai iya rage na Malam ya ƙara mini fili, amma ya gargaɗe ni cewa in aka samu kuskure, abin da ke ciki zai salwanta. Na yi istihara. Da wannan aikin nake ciyar da yara. Duk da haka ji nake kamar zan matsar da katangar ɗakinsa ba da izninsa ba.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Hasiya

Abakwa, Kaduna
22 ga Maris, 1999

Zuwa ga Yaya Balaraba,

Assalamu alaikum. Saƙonki ya iso, na ji daɗi da jiki ya yi sauƙi.

An yi aikin kwamfutar ranar Asabar, ina daga bayan labule ina jan carbi. Alhamdu lillahi, ba abin da ya salwanta. Fili ya wadata, na Malam kuma yana nan, sai dai ya ƙanƙance.

Amma Malam Tijjani ya yi mini alherin da ban roƙa ba. Ya lura kwamfutar tana wucewa ɓangaren Malam da kanta, ya ɗauka ɓata mini lokaci take yi, sai ya gyara. Na yi masa godiya yadda ya kamata.

Washegari na kunna ta, na naɗe hannuwa kamar yadda na saba. Ba ta nemi sunan Malam ba, kai tsaye ta kawo ni wurina. Yaya, ke shaida ce ban yi kuka ba ranar jana'iza. Ranar nan na yi.

Na san in na yi magana Malam Tijjani zai mayar da ita yadda take. Na binciki zuciyata, na ga so nake a ci gaba da jiran Malam a gidan nan, alhali ba shi zai dawo ba, mu ne za mu tarar da shi. Saboda haka ba zan yi maganar ba.

Allah Ya jiƙansa, Ya kyautata namu zuwan. Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Hasiya